Maf ko gem? Wayar da zan saya wa ƙanena ta sa ni a tsaka mai wuya

Ɗan Bolari ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'ar gida. Dan Allah shawara nake nema, ku yi haƙuri zan ɗan ja zancen. Ina da ɗan shagon turare da atamfa a nan cikin Gombe, kuma yanzu fiye da rabin cinikina a WhatsApp ne, mata su zaɓa su turo kuɗi sai a kai musu gida. Ƙanena ne ke kai kayan a mashin tunda ya gama sakandire bana yana zaman jiran admishan. Matsalarmu ɗaya ce, kwatance. Mace za ta ce maka bayan gidan mai ka shiga layi na biyu, gida mai jan get kusa da taransfoma, ka je ka tarar layin nan gida huɗu ne masu jan get, taransfomar kuma an ɗauke ta tun bara, yaro ya yi ta zagaye yana kira kati na ƙarewa mai na ƙarewa.

To sai aka ce mu koma lokeshon. Ranar Laraba wata Hajiya ta turo nata daga can wajen Tumfure, na ce bari in gwada da kaina da wayata. Wallahi baturiyar nan ta cikin waya ta yi ta ce min yi dama yi hagu har ta kai ni bakin wani kwari ta ce wai in miƙe, ga gidan ina hango shi a tsallake amma ba gada ba kwalbati, sai da na koma titi na sake zagayowa. Data kuma ta ƙare min a hanyar dawowa.

Abin da nake son sani, shin dole sai da data abin nan ke aiki, kuma me ya sa yake ƙarya haka? Sannan babbar maganar, yaron ya dage wai sai waya mai ram 8, wato ƙwaƙwalwar aiki mai giga 8, ce za ta iya ɗaukar maf, wato taswirar waya, ni kuma jikina na ba ni ba maf ba ne a ransa, gem ne, don kullum yana gidan abokinsa suna harbe-harben nan na waya har ƙarfe ɗayan dare. Kar in zuba kuɗi in saya masa abin da zai hana shi aikin.

Safiyo na Tumfure ya amsa:

Wa'alaikumus salam Alhaji. Aikina ke nan awon filaye, don haka bari in raba maka abu biyu da mutane ke haɗawa. Akwai GPS, akwai taswira, ba abu ɗaya ba ne. GPS taurarin ɗan'adam ne na sojojin Amurka, sun harba na farko a 1978, tsarin ya kammala a 1995 da taurari 24, suna can sama wajen kilomita 20,200, kowanne na zagaya duniya sau biyu a rana. Ba abin da suke yi sai shelar lokaci, kowanne da agogonsa mai tsananin daidai yana ta cewa ni ne wane, ga inda nake, ga ƙarfe nawa. Wayarka saurare kawai take yi, ba ta aika musu komai, in ta ji huɗu daga cikinsu sai ta lissafa tsawon lokacin da saƙon kowanne ya ɗauka kafin ya iso, daga nan ta gane inda kake tsaye. Wannan ba ya cin data ko ta sisi, ko sim babu a wayar zai yi. Da can ma da gangan suke gurɓata na farar hula, sai a watan Mayun 2000 zamanin Clinton aka daina. Yanzu kuma yawancin wayoyi ba na Amurka kaɗai suke ji ba, har da GLONASS na Rasha da Galileo na Turai da BeiDou na Sin.

Abin da ke cin data shi ne zanen titunan da ake shimfiɗa wa shuɗin ɗigon nan mai nuna inda kake a ƙarƙashi. Shi ma akwai dabara, in Google Maps ce ka shiga wajen hoton akawun ɗinka ka nemi inda ake sauke taswira don amfani ba intanet, ka ja akwatin ya rufe Gombe da kewaye, ka sauke sau ɗaya inda sabis ke da ƙarfi, shi ke nan. Kwatancen mota zai yi maka ba data, labarin cunkoso ne kawai ba za ka samu ba, mu kuma a nan wane cunkoso in ba ranar da aka rufe hanya don wani babba ba.

Maganar kwarin kuwa, tauraro bai yi maka ƙarya ba, wayar ta san inda kake sarai, zanen ne bai san garin ba. Ka tuna sai 1996 Gombe ta zama babban birnin jiha, daga nan zuwa yau unguwanni nawa aka yanka, kuma ƙasarmu ka san ta da zaizaya, layin da ke miƙe a hoton sama na shekarun baya damina uku ta isa ta raba shi biyu. Mai zana layin daga hoto yake kallo, bai taɓa taka wajen ba.

Wani abu kuma da ke ɓata muku aiki, Hajiya na kwance a uwar ɗaki ƙarƙashin kwano da silin za ta danna tura lokeshon, saƙon tauraro ba shi da ƙarfin ratsa wannan, sai wayar ta yi kirdado da eriyar sabis ta jefa ɗigon layi biyu gaba. Ku riƙa ce musu a ba yaro wayar ya fito ƙofar gida, ya ɗan tsaya ɗigon ya natsu, sannan a turo. Ram 4 ta ishi maf har da saura. Abin da za ka duba shi ne batir mai girma da kuma kamfas, don wasu ƙananan wayoyin ba a sa musu, shi ya sa za ka ga kibiyar ba ta san gabas ba sai ka fara tafiya.

Mai Sharon ya amsa:

Hmm. Safiyo ka yi bayani Allah ya ƙara basira, amma ni shekarata 19 ina Gombe Bauchi, wani lokaci Jos, ban taɓa tambayar waya hanya ba a wannan layin. Waya ta san Alkaleri ta san gadar Dindima ta san kwanar Yankari, na yarda, amma ta san ramin da ya fito shekaranjiya bayan ruwa? Ta san inda shanu ke tsallakawa da magariba? Mu a tasha kafin ka tashi ka riga ka ji komai daga wanda ya shigo yanzu. Matambayi ba ya ɓata, mai shayin bakin layi ya fi kowane tauraro sanin gidan Hajiya mai jan get, har sunan mijinta zai faɗa maka.

Amma kar in yi son kai, ranar da na kai wani fasinja shata Abuja ɗana ne ya kunna min a wayarsa, in ba don ita ba da har yanzu ina zagaya gadojin nan. A baƙon gari tana da rana. Abu ɗaya dai zan roƙe ka, ka ja wa yaron kunne, in dare ya yi ta ce ga gajeriyar hanya ta bayan gari kar ya bi, ya tsaya kan kwalta ko da zagaye ne. Kuma kar ya riƙe waya da hannu ɗaya kan mashin da ɗaya, na ga abin da hakan ya jawo da idona.

Tsohon mai gidan gem ya amsa:

Hamma kai ma ka san amsar tambayarka ta ƙarshe, ram 8 ba ta maf ba ce hhhh. Ni na riƙe gidan gem a Pantami shekaru, tun zamanin PS2 da Winning Eleven, yara su yi layi a benci wanda aka ci ya tashi ya miƙa fad, abin danne-dannen wasan, har na kai ga PS4 guda uku da talabijin uku. Abin da ya kashe ni janareta ne, daga 2023 da aka cire tallafin mai lissafi ya daina fita, ka sayi lita ka kunna wa yara huɗu, in ka ƙara kuɗin wasa su gudu, ga shi kuma kowa ya samu waya a aljihu. Yanzu caji da sayar da data nake yi a shagon, su dai yaran nan ne kwastomomina har yau, sun canza abin da suke biya ne kawai.

To bari in tona masa asiri. In Free Fire yake bugawa, ita an yi ta ne musamman don ƙananan wayoyi, tun 2017 da ta fito abin da ya sa ta bazu ke nan, ba ta bukatar abin da yake nema. Wanda ke kukan ram 8 ko Call of Duty yake hari ko PUBG da ingancin hoto a matakin ƙoli, ko eFootball, wato tsohon wasan ƙwallon PES da aka canza wa suna a 2021. Kuma ba buga wasan ne ke shanye data ba kamar yadda iyaye ke zato, wasa ɗaya bai kai kallon bidiyo a TikTok ci ba, sabuntawar ce bala'i, rana ɗaya za su ce sai ka sauke sabon fasali ka ga giga ta tafi kamar an yi ruwa an ɗauke. Sai zafi, wayar da aka buga gem da ita tana jone a caji cikin zafin Gombe na watan Afrilu batirinta ba ya shekara da lafiya, ka ga gobe yana tsakiyar kai kaya ta mutu.

Amma fa ku daina raina 'yan gem gaba ɗaya. Yaron da ke buga PUBG kullum cikin karanta taswira yake, ya san arewa ya san kudu, ya san ya kalli ɗan zanen kusurwa ya gane inda zai ɓulla, wallahi zai fi ka iya bin maf nesa ba kusa ba, shi da ya ga kwarin nan a hoton sama ma ba zai shiga layin ba. Inda za ka sa ido shi ne kuɗi. Akwai dayamon a Free Fire akwai UC a PUBG, da kuɗin gaske ake saye don riga da fentin bindiga, kuma yaron da ke karɓo maka kuɗin kaya a hannu jarabawa ce babba. Ka sa kwastomomi su riƙa turawa akawun ɗinka kai tsaye, kuɗin kai kaya kawai ya riƙe.

Maman 'yan biyu ta amsa:

Ni ta ɓangaren masu sayen zan yi magana, don ina cikin masu turo muku lokeshon ɗin. Gaskiya ba na tura na ƙofar gidana, maigidan ma ya hana, na masallacin bakin layinmu nake turawa in aika yaro ya karɓo, don lambar da ka tura wa yau ba ka san wayar hannun wa za ta faɗa gobe ba. Kuma mata ku lura wajen dannawa, akwai na inda kake yanzu akwai mai bin ka duk inda ka je, shi wannan na biyun minti 15 ne ko awa 1 ko awa 8, wata ƙawata ta danna na awa 8 ba ta sani ba mai kawo kaya yana kallonta har gidan biki.

Gem kuwa Malam ina koyarwa a sakandire, ina ganinsu a aji idanu jajur suna gyangyaɗi, wanda ya kai ɗayan dare yana harbi ina zai ga asuba. Ba wasa ba ne, Hukumar Lafiya ta Duniya ma a 2019 ta sa jarabar gem cikin jerin cututtukan da ta amince da su, ko da yake ba duk mai bugawa ake nufi ba, wanda abin ya ƙwace masa ragamar rayuwa ne. Amma hanawa ƙarfi da yaji ba ta aiki ga saurayi, zai je gidan aboki ne kamar yadda yake yi yanzu. A setin Android akwai inda ake sa wa kowace manhaja iyakar lokaci, in ya cika ta rufe sai gobe, sai dai shi ma ya san inda ake cirewa, don haka ku zauna ku yi magana ta fi.

Mai Sharon ya sake amsawa:

Hajiya ai mu a zamaninmu langa ce da dara, in ka wuce isha'i a waje dorina ce ke saita maka lokaci.

Ɗan Bolari ya dawo:

Kai jama'a na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Safiyo na gwada maganarka ɗazu, na sauke taswirar Gombe na sa wayar a mai alamar jirgin nan na hau mashin daga Bolari zuwa Jekadafari, wallahi ɗigon na bi na tiryan-tiryan ba data ba sabis, har na tsaya a bakin titi ina dariya ni kaɗai. Yaron kuma na titsiye shi da daddare na karanta masa abin da mai gidan gem ya rubuta, ya yi ta sosa ƙeya daga ƙarshe ya ce eFootball ce, wai abokansa sun haɗa gasa shi kaɗai ne ba waya. Mun yi da shi zan ba da kuɗin mai ram 4, in yana son ta sama da haka ya cika daga kuɗin kai kayansa, kuma daga safe zuwa la'asar wayar ta shago ce. Ranar Asabar za mu shiga kasuwa tare. Safiyo yaya zan gane mai kamfas tun a shago kafin in biya, a jikin kwali ake rubutawa ko sai an kunna? Sannan mariƙin nan da ake ɗaurawa a kan mashin, wanda ya san inda ake samun mai ƙwari a Gombe ya taimaka min, don na roban da na gani ba zai kai Tumfure ya dawo ba.