Neman suna ga haɗakar tumbi, suga da hawan jini

1/ Jama'a, kalma nake nema. Likitoci na da abin da suke kira metabolic syndrome: mutum ya haɗa uku cikin abubuwa biyar, wato tumbi, hawan jini daga 130/85, suga da ya kai 100 kafin karin kumallo, yawan kitse a jini, da ƙarancin kolestarol mai amfani. Tun 1988 Gerald Reaven na Jami'ar Stanford a Amurka ya raɗa masa Syndrome X. Mu har yau ba mu yanka masa rago ba.

2/ Wani malami ya ce "ciwon tsufa". Allah ya gafarta Malam, ban yarda ba. Ranar da aka ce wa Baba tsufa ne, ya sallama ke nan: "To ai tsufa ba shi da magani." Sai ƙwayoyin su koma ƙarƙashin matashi. Ga shi kuwa 'yan shekara arba'in ma yana kama su.

3/ "Ciwon ƙiba" ma bai yi ba, don akwai sirara masu shi. Kuma a wurinmu tumbi yabo ne: "Alhaji, hutu ya karɓe ka!" "Ciwon masu kuɗi" ya fi muni, talaka zai ɗauka shi ya tsira. "Tarin cututtuka" kuwa, a asibiti sai a zaci tarin fuka ake nufi.

4/ Ni dai na tsaya kan "ayarin suga da hawan jini". Asalin kalmar syndrome a Girkanci "gudu tare" ne, haka nan ayari ba ya tafiya ɗai-ɗai. Madugunsa kitsen ciki da jikin da ya daina jin insulin, sinadarin da ke daidaita suga a jini.

5/ Abin da ya fi ja na ga ayari shi ne yana da wurin wasu matafiyan. Ciwon damuwa na jawo wannan hali, shi ma yana jawo damuwa. Dubi dattijon da aka ware wa kwano babu gishiri, yana ci shi kaɗai a ɗaki, gida na can ana ci tare. Abokan majalisa sun ragu, barci ya ƙi, yini a kishingiɗe. Nas ɗin da ta san ayari take dubawa, bayan awon jini za ta tambaya: "Baba, da wa kuke hira yanzu?"

6/ Matsalar sunan da na zaɓa tsawo, kuma ya bar kitse a waje. A rediyo ana iya gajarta shi zuwa "ciwon ayari". Ma'aikatan asibiti, in kun faɗa wa tsohuwa haka, za ta gane, ko za ta ce ita ba ta taɓa fatauci ba?