Parliamentarism da Hausa, a taimaka kafin Juma'a

Maman Hanifa: Assalamu alaikum. Darasin tarihi nake fassarawa, Juma'a zan miƙa. A zaɓen Norwe na 1882 ɓangaren Johan Sverdrup ya lashe kujeru 83 cikin 114. Da wannan rinjaye suka gurfanar da ministocin Sarki Oscar na Biyu, kotun tsigewa ta tuɓe Firaminista Selmer a 1884, ala tilas sarki ya kira Sverdrup ya kafa gwamnati. Nan aka ce "parliamentarism" ya soma a ƙasar. Me zan kira shi?

Ɗan Kurmi: Wa alaikumus salam. Tsarin firaminista mana, Hajiya. Irin na zamanin Tafawa Ɓalewa.

Maman Hanifa: Nan na maƙale ai. Selmer ma firaminista ne, amma na sarki. Asalin rigimar ma a kan shigar ministoci zaman majalisa ne, sarki yana ta ƙin sa hannu. Sabon abin shi ne gwamnati ba ta zama sai masu rinjaye sun yarda da ita.

Malamin Nahawu: Majalisanci. Kalma ɗaya tak, a ma'aunin Musulunci da jahilci. Na daɗe ina koya wa ɗalibaina ita.

Ɗan Kurmi: Allah gafarta Malam, ni in na ji majalisanci sai in ɗauka yaren da sanatoci ke yi ne in za a raba kuɗi.

Bakatsine: Duk kun bar hanya. Majalisa Balarabiya ce. Mulkin zaure, ga Hausa tsantsa.

Malamin Nahawu: Shi mulkin daga Daura aka haƙo shi? Balarabe ne shi ma.

Bakatsine: Da ma ku Kanawa kun ɗauka da ku aka yanke wa Hausa cibiya.

Na Damagaram: Mu da muke nan sai ku gama ku aiko mana, kamar kullum.

Maman Hanifa: Don Allah jama'a, Juma'a fa.

Na Damagaram: Sa "tsarin gwamnati a hannun majalisa". Yaro ya karanta ya gane daga hannun wa aka ƙwace ta.

Malamin Nahawu: Kalma biyar a gurbin ɗaya! Wannan bayani ne, ba suna ba.

Maman Hanifa: Shi na ɗauka a farkon darasi, daga baya in riƙa cewa "tsarin majalisa". Malam, a yi haƙuri.

Malamin Nahawu: Ba komai. Nawa ɗaliban dai majalisanci za su rubuta a jarrabawa.