Idan Mai Ya Ƙi Isa Kafiretar Tsohuwar Mota

Shawarar da makanikai suka fi haɗuwa a kai: kada a yi saurin kwance kafireta (na'urar da ke gauraya fetur da iska don inji), a fara daga tanki. Motar da ta daɗe a ajiye, tsatsa da daskararren fetur kan toshe mata tiyo da filta. A zare tiyon da ke shiga kafireta, a sa bakinsa cikin kwalba, a cire wayar koyil (mai ba fulogi wuta) don kada injin ya tashi, a murza sitata. Idan mai bai tsarto da ƙarfi ba, a duba famfon mai, galibi robar cikinsa ce ta tsage.

Idan mai na zuwa amma yana ambaliya daga kafireta, allurar fulot (abin da ke yawo a saman mai cikin kafireta, yana tsayar da man idan ta cika) ce ta maƙale, ko fulot ɗin ya huje ya nutse. Jet kuwa (ɗan ƙarfe mai siririn rami da mai ke bi cikin kafireta), idan ya toshe da iska ake busa shi, ba a zura masa waya, don waya na faɗaɗa raminsa.