Naira dubu 900 za ta haɗa min kwamfutar gem matsakaiciya a Kano?

Ɗan Gwammaja:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema kafin Asabar. Naira dubu 900 ce a hannuna, ina so in haɗa kwamfutar gem ta tebur. Monita ina da shi, mai 1080p da 75Hz, ga kibod da maus, don haka kuɗin na akwatin ne kawai da kayan cikinsa. Abin da zan riƙa bugawa: EA FC, GTA V, Warzone da Valorant. Zaɓi biyu ne a gabana. Ko in haɗa firosesa Ryzen 5 5600 da katin hoto RX 6600 na hannu, ko in karɓi wata tsohuwar kwamfutar ofis mai firosesa i7 da aka saka wa katin hoto RX 580, an yi min tayinta dubu 480, in riƙe ragowar kuɗina. Wanne ya fi? Kuma daga nawa ake fara ce wa kwamfuta matsakaiciya? Wani ya ce min kuɗin nan ko ƙarama ba za su haɗa ba.

Na Hotoro:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, matsakaiciya yanzu daga katin hoto RTX 4070 take farawa, da RAM DDR5 mai 32GB, da monita 1440p. Katin kaɗai dala 599 ya fito a 2023. Idan ba ka da miliyan biyu ka ci gaba da tari kawai.

Injiniyan Zoo Road:
Na Hotoro, ka karanta tambayar kuwa? Mutumin ya ce monitansa 1080p ne mai 75Hz. Me zai yi da 4070 a kai? Monitan nan ba zai nuna masa fiye da hoto 75 a daƙiƙa ba ko da katin zai iya ba da 200.

Ƙanena, ni a wurina aikin kwamfuta ake dubawa kafin a ce mata matsakaiciya. Idan tana buga sababbin gem a 1080p, saiti a tsakiya ko sama, ba ta sauka ƙasa da hoto 60 a daƙiƙa ba, ta cika. Katunan wannan aji duk a wajen dala 250 zuwa 350 suka fito: RTX 3060 mai 12GB dala 329 a 2021, RX 6600 ma 329 a shekarar, RX 7600 dala 269, RTX 4060 dala 299 a 2023, Arc B580 na Intel dala 249 a ƙarshen 2024. Akwatin gaba ɗaya da sababbin kaya yana cin dala 700 zuwa 900. Idan ka lissafa dala a naira 1,500, miliyan ɗaya da 'yan kai ne zuwa miliyan ɗaya da dubu 350, ba a sa kuɗin shigo da kaya da ribar mai shago ba. To kai kana bakin ƙofa, kayan hannu ne za su shigar da kai.

Ga yadda zan raba: kati dubu 280, Ryzen 5 5600 dubu 160, bod, wato faifan da ake jona dukkan kayan a kai, B450 ko B550 dubu 120, RAM 16GB DDR4 3200 dubu 70, ma'ajiya SSD NVMe 1TB dubu 100, fawa-fak, wato mai raba wa kayan wuta, 550W ko 650W mai tambarin inganci na 80 Plus Bronze dubu 90, akwati mai fanka dubu 55. Jimla dubu 875. RAM ɗin ka sayi guda biyu masu 8GB, kada ka sayi ɗaya mai 16GB, ka sa su a rami na biyu da na huɗu, sannan ka shiga BIOS, wato saitin bod, ka kunna XMP mai ba RAM cikakken saurinsa, in ba haka ba a ƙasa da saurin da ka biya zai riƙa aiki. Idan B450 ka samu, a kunna shi da firosesar a gabanka, domin tsofaffinsu sai an sabunta BIOS suke karɓar Ryzen 5000. Kuma 5600 ba ta fitar da hoto da kanta, ba kati ba za ka ga komai a monita ba.

Ɗan Kurna:
Injiniya, a ina ka ga RX 6600 a dubu 280? Satin nan dubu 340 ake cewa a Farm Centre, ba a ragi. RAM kuwa ba za ka same shi a dubu 70 ba. Tun ƙarshen 2025 farashinsa ya tashi a duniya saboda kamfanonin AI sun kwashe kayan, har SSD abin ya shafa.

Mai Shago a Beirut:
Dubu 340 ya yi yawa. Ana samu 250 zuwa 270 idan mai fanka biyu ne, sai dai ka jira kaya su iso daga Legas. Alhaji, ka shigo mu yi magana, ba za mu ɓata ba.

Ɗan Kurna:
Na 250 ɗin ka tambaya ko daga ina ya fito tukuna.

Mai Gyara na Sabon Gari:
Duk kuna ta musu a kan kati, ba wanda ya tsaya a kan abin da ke kashe kwamfutocin yaran nan. Fawa-fak. Wallahi abin yana min ciwo.

Akwai wadda aka kawo min, ta wani yaro ɗalibi da ya daɗe yana tara kuɗi. An haɗa masa kaya masu kyau, RTX 3060, Ryzen 5 3600, komai lafiya. Da kuɗi suka ƙare sai mai shagon ya ce ga fawa-fak 650W a dubu 18, ai duk ɗaya ne. Da na ɗaga shi ba nauyi ko kaɗan. Na duba takardar jikinsa, layin 12V amfiya 18 ne aka rubuta. Ku lissafa, 12 sau 18, wat 216 kenan, alhali katin kaɗai yana jan 170, ga firosesa ga bod ga fankoki. Ba shi ma da wayar kati mai ƙafa 8, sai aka jona masa da adafta daga wayar SATA. Bakin SATA wat 54 aka yi shi ya ɗauka, bakin ƙafa 8 kuma har 150 ake ja ta cikinsa. Me kuke tsammani? Robar ta narke, wayoyi suka haɗu, kati ya tafi, bod ya tafi, SSD mai ɗauke da aikin makarantarsa ya tafi. Firosesa da RAM kaɗai na ceto. Ya koma shagon aka ce masa garanti ba ya ɗaukar matsalar wuta, rasit ɗin ma ba a rubuta lambar kati a kai ba. Yaron nan a bencina ya zauna ya kasa magana. Araha ba ta ado.

Don haka ɗana, ka duba layin 12V kafin ka duba babbar lambar da ke kan kwali. Fawa-fak 550W na gaskiya zai nuna amfiya wajen 45 a wannan layin. Wayar kati ta fito daga cikinsa kai tsaye, ba adafta. Kuma wannan kaɗai kada ka saya na hannu.

Na Hotoro:
Innalillahi. Allah ya mayar masa da alheri. Amma Oga, mene ne sunan shagon? A faɗa mutane su kiyaye.

Mai Gyara na Sabon Gari:
Ba zan kama suna ba. Ba shago ɗaya ke yi ba, ku dai koyi karanta takardar.

Mai Shago a Beirut:
Malam, kullum mu ake ɗora wa laifi. Mai saye ne zai zo ya ce shi lallai RTX yake so, kuɗinsa kuma ba su kai ba, ka ce ya sauko zuwa ƙaramin kati ya sayi fawa-fak mai kyau, ya ce kana son ka cuce shi. Masu gyara kuma lalatattun kawai kuke gani, dubban da ke aiki lafiya ba sa zuwa wurinku. Ta yaya za ku yi hukunci da su?

Mai Gyara na Sabon Gari:
Saboda mu muke buɗe cikinsu, Alhaji. Kai kwali kake gani. Kuma ni ba abin da zan sayar wa yaron nan.

Ɗan Kurna:
Ni dai ba na ɗaukar maganar mai sayarwa, ba na kuma ɗaukar ta wanda ya kwaso a YouTube. Masu bidiyon nan a ɗaki mai sanyi suke gwaji a Amurka. A watan Afrilu da Mayu zafin Kano yana haura 40, ga ƙurar hunturu da ke toshe raga. Katin da zafinsa ke digiri 70 a wurinsu, a nan sai ka gan shi a 80 da wani abu. Akwati mai raga a gaba za ka saya, ba mai rufin gilas ba, fanka biyu na shigar da iska ɗaya na fitarwa, a ɗora shi a tebur ba a ƙasa ba, a bi shi da bulowa duk wata lokacin hunturu. Idan za a busa a riƙe fankar da yatsa kada ta yi ta juyawa.

Katin hannu kuma ga gwajinsa. Da aka daina haƙar kuɗin kirifto na Ethereum da kati a Satumban 2022, katunan masu haƙar kirifto suka cika kasuwa, RX 580 a sahun gaba. Ka sa a buɗe GPU-Z, manhajar da ke nuna bayanan kati, a gabanka. Idan ka ga 2048SP, wannan ƙarfin RX 570 gare shi, cikakken 580 yana da 2304. Sannan a kunna FurMark, manhajar da ke matsa wa kati aiki, minti 20. Ka lura da ɗige-ɗige ko layuka a allo, da ƙarar fanka, da ko hoto zai ɗauke. Wanda ya hana ka gwaji, ka tashi ka bar masa kayansa.

Sarkin Ƙwallo:
Dubu 900? Malam ka je ka biya sadaki, amarya ta zo maka da talabijin, mu ara maka PS4. 😂

Na Hotoro:
Haha, sai ta ɓoye hannun gem ranar da ya ƙi zuwa cefane.

'Yar Tarauni:
Kun bar bawan Allah da tambayarsa ta biyu. Yaya, wace i7 ce a kwamfutar ofis ɗin? Sunan i7 kaɗai ba ya nuna komai. Idan 3770 ce ko 4770 ko 4790, mai ƙwaya (core) huɗu ce ta 2012 zuwa 2014, da RAM DDR3. Ryzen 5 5600 ƙwaya shida ce ta 2022, kuma ta yi mata nisa ƙwarai. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoban 2025, Windows 11 kuma a hukumance daga firosesar Intel zubi na takwas (8th gen) take karɓa. Valorant a kan Windows 11 tana neman matakan tsaro na bod, TPM 2.0 da Secure Boot, don haka wanda ya yi dabara ya tura Windows 11 a tsohon bod yana iya tarar da gem ta ƙi buɗewa. Ga kuma fawa-fak ɗin waɗannan na ofis, yawanci ƙarami ne, wasu ma bakin wayarsu na kamfanin ne kaɗai, ba ka iya canza shi cikin sauƙi. RX 580 tana jan wat 185, RX 6600 kuma 132 take ja kuma ta fi ta ƙarfi. Sa 580 a irin wannan akwatin kamar ɗora injin tirela ne a jikin a-daidaita-sahu. Ni ba zan ba da dubu 480 a kanta ba.

Ɗan Gwammaja:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na tambaya, 4790 ce, don haka na haƙura da ita. Yanzu abin da ya rage, idan kati ya kai 340 kamar yadda Ɗan Kurna ya ce, kuma RAM ya tashi, a ina zan rage? In koma Ryzen 5 3600, ko in sayi SSD 512GB?

Injiniyan Zoo Road:
SSD za ka rage, ana ƙara wani daga baya. Sai dai Warzone da GTA V kowanne yana iya cin wajen 100GB, ka san da wannan.

Baban Yara na Sharaɗa:
Ku dakata. Duk lissafin nan ban ga kuɗin wuta ba. Da me zai kunna ta? Akwatin nan yana cikin gem zai ja wat 250 zuwa 300, monita 30. UPS ɗin da aka rubuta 650VA wat 360 zuwa 390 ne kawai a zahiri, mintuna kaɗan zai riƙe ka ka kashe. Kuma fawa-fak na zamani ba ya shiri da inbata mai arha, sai mai tsaftatacciyar wuta, wato wadda aka rubuta pure sine wave a jikinta. Da mai arhar za ka ji yana ƙara, ko ya mutu daidai lokacin da aka ɗauke wuta. Ƙaramin janareta ma wutarsa hawa da sauka take yi, sai da sitabilaiza. Ka ware aƙalla dubu 100 a nan, kaga kuɗinka sun koma 800.

Ɗan Kurna:
Dubu 100 ba za ta sayi UPS mai irin wannan wutar ba, Baba. Sitabilaiza dai. Idan batir ne, mai 12V 200Ah wat-awa 2,400 ne a rubuce, rabi ake so ka ci idan na ruwa ne don kada ya mutu da wuri, inbata ta ci nata, awa uku kenan da ɗan wani abu.

Baban Yara na Sharaɗa:
To ka gani. Tun Afrilun 2024 da aka kai 'yan Band A naira 225 kowane yunit aka ce awa 20 za a riƙa ba su a rana. An ɗan rage kuɗin daga baya, amma ku tambayi mutane ko awannin suna cika. Kuɗin yunit ɗin ba shi ne damuwar ba, awa biyar na gem bai kai yunit biyu ba. Damuwar ita ce a kawo wuta ta zo rabi, fanka na juyawa da ƙyar, can kuma ta dawo da ƙarfi ta ƙona caja.

Mai Gyara na Sabon Gari:
Irin wannan dawowar ita ke kawo min bod da yawa. Kuma gidaje nawa ne ke da wayar ƙasa ta gaske? Soket mai ƙafa uku, ka buɗe ka tarar waya biyu ce a ciki. Shi ya sa za ka taɓa akwati ka ji yana ɗan ja.

Na Hotoro:
Mu a layinmu taransifoma ce ta lalace, an ce kowane gida ya kawo kuɗi, har yau shiru. Baba, fanel nawa na sola zai riƙe kwamfuta da fanka biyu da firij ƙarami?

Baban Yara na Sharaɗa:
Firij ɗin wat nawa aka rubuta a bayansa? Kuma da rana kawai kake so ko har dare?