Abin da aka tsayar kan alƙalancin faɗan kyarketai

Jama'a, kwana uku muna ja-in-ja kan yadda za a riƙa ba da maki a faɗan kyarketanmu na rubutu, wato wasan da kowa ke da kyarkecinsa na ƙirƙira, yana rubuta yadda yake faɗa da na wani. Ga abin da na tsamo:

1. Kusan kowa ya yarda: rubuta harinka, ka bar wa abokin karawa sakamakon. "Na kai masa cizo a wuya" daidai ne. "Na karya masa wuya" kuwa maguɗi ne, a zaftare maki.

2. Rauni ya bi mai shi. Wanda aka ciza a ƙafar gaba a turmin farko ba zai dawo yana tsalle kamar barewa a na biyu ba.

3. Turmi uku, irin na damben Ado Bayero Square da ke Kano. Alƙalai uku, kuma kada a sa 'yan garken masu faɗan a cikinsu.

4. A nan aka rabu. Wasu daɗin rubutu suke so a fifita, wasu dabarar faɗa. Ni dai ina bayan na biyun. Shafi guda kan ƙyallin haƙora 42 ai ba cizo ba ne.

5. Wa'adin amsa awa 48. Masu cewa 24 sun sauko da aka tuna musu ɗauke wuta.

Batun kashe kyarkecin mutum ba da yardarsa ba kuwa, har yanzu ba a daidaita ba.