Mu tsaya a kan "ƙiyasin ranar shigar ciki"

Jama'a, ina so mu tsayar da magana ɗaya a kan abin da likitoci ke kira conception date da Turanci, wato ranar da ƙwan mace ya haɗu da maniyyi har ciki ya soma. Kowa yana faɗarsa yadda ya zo masa a baki, alhali a wannan fagen kalma ɗaya idan ta kauce tana iya haddasa zargi tsakanin miji da mata.

Ga tushen ruɗanin. Satin da ake rubuta wa mai juna biyu a katin awo ba daga ranar da cikin ya shiga ake ƙirga shi ba. Daga ranar farko ta al'adarta ta ƙarshe ake farawa, kwana 280, sati 40. Shi kuwa ainihin zaman ɗa a ciki kusan kwana 266 ne, sati 38. Kenan akwai sati biyu a cikin lissafin da babu cikin ma tukuna. Amarya mai sati 8 a ɗaki za ta iya dawowa daga awo da kati mai cewa sati 10, kuma babu abin da ya faru sai tsarin lissafi. Mijin da bai san haka ba zai zauna yana ƙirga da yatsu, zuciyarsa tana raya masa abin da babu shi. Wannan ne ya sa na damu da maganar.

Cikin sunayen da ake ba wannan rana, na farko da ke zuwa baki shi ne "ranar samun ciki". Ban yarda da shi ba. Tambayi mace yaushe ta samu ciki, sau da yawa ranar da ta gane za ta faɗa maka, ranar da ta yi ɓatan wata ko ta ga layi biyu a abin gwaji. Wannan kuwa sai bayan kamar sati biyu da shigarsa, domin sai ƙwan ya manne a mahaifa, kwana 6 zuwa 12 bayan haɗuwar, sannan jiki ke soma fitar da sinadarin da gwajin ke kamawa.

"Ranar ɗaukar ciki" ya fi shi kusa, amma ɗauka tana tafiya har wata tara, kamar yadda muke cewa ta ɗauki cikin nan da wahala.

Wanda na fi jin tsoro shi ne "ranar saduwa". Maniyyi yana iya rayuwa har kwana 5 a jikin mace yana jiran ƙwai, shi kuma ƙwan ba ya wuce awa 12 zuwa 24 bayan fitowarsa. Ana iya saduwa ranar Litinin, cikin bai shiga ba sai Juma'a. Duk wanda ya mayar da ranakun nan biyu abu ɗaya ya buɗe ƙofar fitina.

Saura "shigar ciki", kuma dama abin da mata ke faɗa ke nan: ciki ya shiga. Shiga aukuwa ce ta lokaci guda, ba ta ja, ba ta kuma jingina abin ga sanin kowa.

Amma kada mu bar ta ita kaɗai, domin ban da wadda aka haɗa mata ƙwai a ɗakin gwaji aka dasa, ba mai iya nuna ranar da yatsa. Dole a sa kalmar da ke nuna lissafi ne. "Hasashe" na abin da ke gaba ne, ya dace da ranar haihuwa. "Kintace" ya yi sako-sako, kamar an harba a duhu. "Ƙiyasi" shi ne auna abin da ba ka gani ba da abin da ka sani, kuma haka aikin yake. A ce al'ada ta zo ranar 1 ga Maris, kuma duk kwana 28 take zagayowa: ƙwai zai fito wajen 14 ko 15 ga wata, to nan ake sa ƙiyasin. Idan mai kwana 35 ce, sai ya matsa zuwa wajen 21 ko 22, domin ƙwai yana fita ne kamar kwana 14 kafin al'ada ta gaba. Ƙa'idar likitan nan na Jamus, Franz Naegele, wato a ƙara kwana 7 a kan ranar farko ta al'adar a cire wata 3, za ta ba da 8 ga Disamba a matsayin ranar haihuwa, amma a kan mai kwana 28 aka gina ta.

Hoton sikanin ma ƙiyasi yake bayarwa. A wata ukun farko, da ake auna tsawon ɗan tayi daga kai zuwa mazaunai, kuskurensa ba ya cika wuce kwana 5 zuwa 7. A watannin ƙarshe yana iya kaiwa sati 3.

Don haka abin da nake roƙon masu fassara, ungozomomi da masu rubutun lafiya shi ne mu riƙa rubuta "ƙiyasin ranar shigar ciki", a cike, kada a yar da kalmar farko don neman gajarta. Satin da ke kan kati kuma a kira shi "satin awo", a faɗa wa ma'aurata tun zuwan farko cewa ya girmi cikin da kamar sati biyu.