Wa ta taɓa yin damplin na kaza a gida? Nawa sun fashe a tukunya

Maman Sadik:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Likita ya ce Baban Sadik ya rage mai da gishiri saboda hawan jini, shi kuwa in ba ka ba shi samosa da yamma ba, ranar ba zaman lafiya. Sai na ce bari in gwada damplin irin na mutanen Chaina, wanda ake naɗe nama a fulawa a dafa, ba a soya ba. Jiya na yi guda 30, fiye da rabi suka fashe, na tashi da faten kaza. Don Allah wacce ta taɓa yi ta faɗa min yadda nata ya kasance.

Anti Hajjo:
Wa alaikumussalam. Sannu Maman Sadik, ni ma nawa na farko haka suka yi. Na yi karatu a birnin Shi'an na Chaina, a can sunansa jiyauzi, kuma a arewacin ƙasar shi iyali ke taruwa su naɗe a daren sabuwar shekararsu. Na kasuwa yawanci alade ne a ciki, don haka mu sai unguwar Musulmi 'yan ƙabilar Hui, inda ake yin na rago da na sa. Mahaifiyar wata ƙawata ce ta koya min a can. Awonta: fulawa giram 300, ruwan sanyi mililita 150, wato ruwa rabin nauyin gari. Kwaɓin ya yi tauri, ki rufe shi ya huta minti 30, in ba haka ba yana ta komawa in kina murzawa. Sannan bakin faifan kwaɓin da kika murza ya fi tsakiyarsa siranta, don tsakiyar ce ke ɗaukar nauyin nama. Wajen dafawa kuma, in ruwa ya tafaso sai ta zuba ɗan ruwan sanyi, har sau uku. Tafasa mai ƙarfi ita ke yayyaga su.

Ummi:
Anti, ni kabeji ne ya ci amanata. Na yanka na zuba haka nan, kafin in gama naɗe rabi haɗin ya tsatso ruwa, bakin ya ƙi mannewa. Yanzu ina barbaɗa masa gishiri kaɗan, bayan minti 10 in ɗauraye in matse shi a tsumma mai tsabta har sai ya daina ɗiga.

Baban Walid:
Ku yi haƙuri namiji ya shigo zancen girki. Ina zuwa birnin Gwanzo na Chaina saro kaya, a unguwar Shiyaubei na saba cin na turarawa a shagunan halal. Da na dawo na ce wa uwargida ai ɗan wake ne ya sa riga, shi ma in ya nuna sai ya taso sama. Ba mu da kwandon gora irin nasu, madambacinta ta ɗora, ta shimfiɗa ganyen kabeji don kada su kama. Minti 12 bayan tururi ya tashi, ko ɗaya bai fashe ba. Hajiya, ki fara da turarawa, ta fi sauƙi.

Maman Ikram:
Ni da tsokar ƙirji na yi saboda ba kitse, sai ya fito kamar dusa, yara suka cinye fulawar suka bar min naman. Cinya nake sa wa yanzu, in cire fata da kitsen, in daddatsa da wuƙa.

Anti Hajjo:
Ƙirjin ma yana yi, Maman Ikram. Ki jiƙa dakakkiyar ɗanyar citta da lawashi, ki riƙa zuba ruwan cokali-cokali kina juyawa ɓari ɗaya har naman ya shanye ya yi danƙo. Ƙaramin cokali ɗaya na man riɗi ya ishi rabin kilo.

Sista Bilki:
A asibiti nake aiki, kuma mahaifina mai hawan jini ne, shi ya sa na tsaya nan. Mun bar suya muna murna, ashe gishirin yana cikin soya sos ɗin da muke dangwalawa, wato baƙin ruwan ɗanɗano na waken soya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba kada ya kai giram 5 na gishiri a rana, babban cokali ɗaya na soya sos kuwa ya kusa rabin haka. Na koma haɗa masa ruwan lemon tsami, tafarnuwa, citta da attaruhu, dunƙulen ɗanɗano kuma na cire shi gaba ɗaya. Kada kuma ki ɗanɗana haɗin ɗanye don jin gishiri. Ki dafa ɗan guntu ki ci. Kaza sai cikinta ya kai digiri 74, mara ma'auni ta tsaga mafi girma ta duba.

Ummi:
Na gwada zallar garin alkama, ya dinga tsagewa. Rabi da rabi da fulawa ya yi, sai dai ya ɗan fi shan ruwa. Na kuma taɓa zuba ɗanyu a leda ɗaya na sa a firiza, aka ɗauke wuta cikin dare, da safe na tarar da curi guda, na zubar. A faranti ake jera su su daskare tukuna.

Maman Sadik:
Allah ya saka da alheri. Yau na matse kabeji, na turara a madambaci, 28 na yi, biyu ne kawai suka buɗe baki. Baban Sadik ya ci 11, yana tambaya wai ba za a ɗan soya masa ƙasansu ba. Anti Hajjo, ninkin bakin nan fa har yanzu nawa kamar kunnen jaki yake fitowa.